Ƙodar da Na Kai Abidjan Na Dawo da Ita

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya tsaya a tukubata, kafin ya faɗi naman da yake so sai ya ce, "Malam Haladu, ya Abidjan?" Alhaji Ɗanjuma mai taya ya tambaye ni ya fi sau huɗu. Malam Tanko tela kuwa har gida ya biyo ni wai ya zo yi mini sannu da zuwa, alhali labari ya zo ɗauka. Na gaji da ba kowa guntu-guntu yana zuwa yana ƙara nasa gishirin, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Ƙanena Sabi'u, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ba lafiya. Shekara da shekaru tsakuwa tana fito masa a ƙoda, a cire wata ta sake fitowa, har ƙodojin biyu suka gaza. Aka ɗora shi a kan wankin ƙoda, likitoci suka ce mafita ita ce dashe, kuma an fi son ta ɗan'uwa na jini. 'Ya'yansa biyu mata ne, ya rantse ba zai karɓi tasu ba. Sai ya kira ni a waya, muryarsa can ƙasa, ya ce, "Yaya, wata alfarma nake nema."

Zan faɗi gaskiya ko da za ku zage ni. Da na ji wannan magana, kafin tausayi ya zo, daɗi ne ya fara zuwa.

Dalili kuwa tsohon zance ne. Muna samari wani aminin Babanmu, dillalin shanu a Abidjan, ya zo Kano ya ce a ba shi ɗa guda ya tafi da shi. Ni aka fara ambata. Har na ɗaure kayana, na yi sallama da abokai, ana gobe tafiya Baba ya ce a'a, babba ba ya barin tukubar gidansu, Sabi'u ya je. Ya tafi da jakar da na saya wa kaina. Tun daga nan duk labarin da ya zo, ya buɗe shago, ya sayi mota, ya sauke farali, sai in ji kamar rabona ne aka ba shi ajiya ya cinye. Yana aiko mini da alheri, ina karɓa, ina godiya, ina kuma jin haushin godiyar. To ga shi yau shi ke nema a hannuna. Na ce masa zan zo, amma sai bayan babbar Sallah, saboda lokacin aikinmu ne. Aikin gaskiya ne, sai dai akwai wanda zai iya riƙe mini. So nake ya ɗan jira ni. Wata biyu na sa shi jira.

Akwai kuma abin da ban gaya masa ba, ban gaya wa kowa ba. Kusan shekara biyu wani ciwo yana kama ni a kwiɓi, ya sauko har mara, in yi ta gumi ina dafe bango. Sau biyu na ga jini a bawali, sau ɗaya kuma wani abu kamar yashi ya fita. Sai in je kemis in karɓi maganin kashe zafi, in haɗa da jiƙo, ya lafa. Na ce a raina ai ƙoda biyu ce, ko ɗaya ta sami matsala ɗaya za ta yi. Ni da na yanka ƙodar da ba ta ƙirguwa, wa zai koya mini ƙoda?

Daga Kano zuwa Legas ba abin faɗa sai ciwon baya. A Legas na shiga babbar motar da ke bin bakin teku har Abidjan. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar zangon Accra, Hajiya Ladi, mai sayar da atamfa. Ban taɓa ganin mai shan ruwa irinta ba. Ta shanye leda, ta fasa wata, bayan awa guda ta ɗaga murya, "Direba, ka tsaya mana!" Duk motar a yi ta tsaki, ita ko a jikinta. Ta miƙo mini leda ɗaya na ce na gode. Ta sake miƙowa a Kwatano na ce na ƙoshi.

"Kai Malam, raƙumi ne kai?" in ji ta.

Na ce, "Mahauci ne, Hajiya. Mu ba a san mu da yawan zagayawa ba."

Alfahari nake yi, don haka Baba ya tashe mu. A tukubarsa daga an hura wuta da hantsi ba mai shan ruwa sai la'asar. Hujjarsa, wanda ya sha ruwa zai zagaya, wanda ya zagaya ya bar nama a kan wuta, kuma mai saye ba ya son ya ga mai yanka masa nama ya fito daga bayan gida. Ga alwala ma tana daɗewa. Abin da aka yarda da shi shi ne shayi mai kauri, da goro, da ɗanɗana nama da yaji don a ji gishiri. Haka muka taso ni da Sabi'u, muna gaban wuta gumi na zuba. Saboda haka kwana uku a mota da ɗan kurɓi lokacin alwala bai zame mini komai ba. Abincina a hanya kuwa kilishi, daga cikin wanda na yi da hannuna na tsaraba. Na yi shi ne musamman don Sabi'u ya tuna akwai abin da dukiyarsa ba za ta saya masa a can ba.

Kilishin nan ya so ya ja mini a iyakar shiga Gana. Aka ce kowa ya fito da katin rigakafi, na laluba aljihu babu, jaka babu. Na zazzage kayana ina dubawa. Ashe tun a gida, don kada ya ɓata, na cusa shi cikin ƙunshin kilishin. Da na zaro shi ya sha mai ya yi ja da yaji, tambarin da kyar ake ganinsa. Jami'in ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya shinshina, ya yi atishawa, sannan ya ce da Hausarsu ta zango, "Baba, wannan kati ne ko abinci?" Duk layin aka kwashe da dariya, Hajiya Ladi ta fi kowa. Ya duba da kyau ya ga sunana, ya ce in wuce, amma in daina yi wa takardar hukuma yaji.

A Accra motar ta sami matsala aka ce sai gobe. Hajiya Ladi ta haɗa ni da wani mai masauki a zangonsu, dattijo mai kirki, ya ba ni tabarma a ɗakin baƙi tare da wasu fatake biyu 'yan Sakkwato. Da safe aka kawo koko da ƙosai, wai a nan sunansa ma kokon Hausa. Ya sha citta da barkono fiye da namu. Da rana kuma aka kawo dokunu da kifi da ɗanyen barkono, tuwo ne mai tsami da aka naɗe a bawon masara. Na ci don kunya. A gidan ne ciwon ya ɗan taɓa ni, na haɗiyi ƙwaya biyu na ce gajiyar mota ce.

Mun shiga Abidjan da hantsi, aka sauke mu a Adjamé. Jama'a, na san Kwari, na san Sabon Gari, amma Adjamé wata aba ce daban. Ƙananan motocin haya da suke kira gbaka suna ta hon, masu kaya a ka suna ture ka suna ce maka "pardon" bayan sun riga sun taka ka. Ina tsaye riƙe da jaka kamar baƙauye sai wani ƙaton mutum mai fara'a ya rungume ni har hulata ta faɗi.

"Koro! Akwaba! Sannu da hanya, Koro!"

Wannan shi ne Bakari, ƙanin Mariam matar Sabi'u, mutumin ƙabilar Jula. Koro a yarensu yaya ke nan. Tare suke harkar nama da Sabi'u tun suna tura baro, a bakin Sabi'u ma ya koyi Hausa, har da irin "ka gane ko" ɗin Babanmu. Nan take na ji ban son shi. Makullin motar Sabi'u na hannunsa, wayar Sabi'u ta kasuwa na aljihunsa. Da muka bi ta wajen Mairie, wato ofishin magajin gari, ya nuna mini wani shago mai ɗakin sanyi, ma'aikata sanye da fararen riguna suna sauke cinyoyin shanu, ya ce, "Namu ne wannan." Ya nuna wani a gaba ya ce, "Wannan ma namu." Kowane "namu" sai na ji shi a ƙirji. Na ce, "Ma sha Allah," na juya kai ina kallon titi.

Muka haye gada zuwa Treichville, unguwar da ake kira Arras, inda gidaje suke hawa-hawa, ƙasansu duk shaguna da garejin masu gyara. Sabi'u yana hawa na biyu. Da na shiga ban gane shi ba. Ya rame, ya yi duhu, hannunsa na hagu ya kumbura inda ake sa masa allurar wanki. Ya yunƙura zai durƙusa ya gaishe ni, na riƙe shi. Muka yi kuka mu biyu. Amma ku ji halin ɗan Adam: hawaye na idona, idon kuma yana zagaya falon, yana ganin kujeru, da na'urar sanyi, da labule har ƙasa. Na ji kunyar kaina, kuma ban fasa kallon ba.

'Yarsa babba, A'isha, ta zo ta ce, "Bonne arrivée, Tonton." Na ce wane ne Tonton? Uban ya yi dariya ya ce, "Baffa za ki ce." Ta ce, "Pardon, Baffa. Hausa nawa kaɗan-kaɗan ne." A ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti take aiki, ita ce ke kula da duk abin da ubanta zai ci ko ya sha.

Na kwance kilishina da alfahari na ajiye a gaban Sabi'u. Ya ɗauki yanki guda ya kai hanci, ya rufe ido ya daɗe yana shaƙa. Sannan ya ajiye. A'isha ta ce an hana shi, gishiri ya yi yawa. Wa ya cinye? Bakari. Yana ci yana lumshe ido yana cewa, "Koro, hannunka akwai albarka!" Ni kuwa kamar in fizge.

Abincinsu sai a hankali. Akwai attiéké, garin rogo ne da aka turara, yana kama da dambu amma da ɗan tsami, ana ci da soyayyen kifi da albasa. Akwai alloco, soyayyar ayaba. A bakin titi kuma akwai masu gashin nama da suke kira choukouya, yawancinsu mutanenmu ne da 'yan Nijar, sai dai suna naɗe naman a takarda ya turaru, ba ya samun ƙamshin wuta irin namu. Na gaya wa ɗaya daga cikinsu haka, ya ce to in zo in buɗe tawa. Wani abin da ya ba ni mamaki, mace da miji da 'ya'ya duk a tebur ɗaya ake ci, Bakari ma da kujerarsa a gidan, wadda ba mai zama a kai. Ni aka ba ni ta baƙi.

A teburin nan na lura da wani ƙaramin kofi da ake ajiye wa Sabi'u. Ruwan da zai sha ke nan, a aune, don jikinsa ba ya iya fitar da shi. Ya ga ina kallo ya ce, "Yaya, ka ga ikon Allah. Da ruwa na gabana ina ƙin sha. Yanzu mafarkin randa nake yi." A'isha ta tura mini babbar gora ta ce, "Baffa, tun jiya ba ka taɓa wannan ba. Il faut boire, dole a sha ruwa." Na ce mata na sha a ɗaki, alhali ban sha ba.

Ranar Juma'a Bakari ya kai ni babban masallacin Treichville, Sabi'u bai iya zuwa ba. Bayan an idar, mahauta da dillalan shanu suka kewaye Bakari, kowa na tambayar jikin Alhaji Sabi'u, wasu da Hausa, wasu da Julanci, wasu suna cewa "yako", wato sannu. Wani dattijo Bakatsine ya ce, "Ina tagwaininka? Allah ya tashi kafaɗunsa." Ashe haka ake kiransu a kasuwa, tagwaye. Bakari ya jawo hannuna ya ce ga yayan Alhaji daga Kano. Dattijon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ikon Allah! Ashe Alhaji Sabi'u yana da wa?"

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na yi murmushi na ce, "Yana da shi, Baba. Shi ne ma ya zo ba shi ƙoda." Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Aka yi ta sa mini albarka, na dawo gida ina jin kaina a sama.

Ranar Litinin aka fara gwaji a wani asibiti. Aka ɗebi jinina, bayan kwanaki sakamako ya fito, A'isha ta shigo da gudu tana cewa, "Papa, ça correspond! Jinin Baffa ya dace sosai!" Mariam ta fashe da kuka, Sabi'u ya riƙe hannuna gam. Na dubi Bakari na ce, "Ka gani ko? Jini ba a koyonsa a kasuwa." Ya yi dariya ya ce, "Gaskiya ne, Koro, Alhamdu lillahi." Ko haushi bai ji ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

Saura hoton ciki. Likitan ya shafa mini wani abu mai sanyi a kwiɓi yana zagayawa da na'ura, yana hira da A'isha da Faransanci. Can sai hirar ta tsaya. Ya koma ɗaya gefen, ya daɗe. Ya tambayi wani abu, A'isha ta juyo ta ce, "Baffa, ka taɓa jin ciwo a nan? Ka taɓa ganin jini?" Na ce a'a. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Baffa, don Allah." Sai na sunkuyar da kai.

Tsakuwa ce a ƙodojin biyu. Ta hagu har ta kumbura saboda wata ta tsaya a hanya. Likita ya ce ba za a ɗauki ƙodata ba, ni ma kaina magani nake bukata, da gaggawa.

Muka fito muka zauna a wani benci a inuwa. Ni fa ban yarda ba. Na ce, "Ke A'isha, wannan ai ba wani abu ba ne. Ku ciro ta, ku wanke tsakuwar kamar yadda muke wanke tumbi, ku sa masa. Na ga ƙodar saniya da tsakuwa, kuma lafiya lau aka ci."

Ta gyara zama ta fuskance ni. Sannan ta ce, "Baffa, matsala ba tsakuwa kaɗai ba. Matsala wurin da ya haifi tsakuwa. Mu muna ce masa stress oxydatif. Bari in gwada da aikinka. In ka hura wuta a tukuba, akwai tartsatsi, ko?"

Na ce akwai.

"Voilà. Jiki ma yana ƙona abinci ya sami ƙarfi, kuma yana fid da nasa tartsatsi. Allah ya sa masa abin kashewa, wani jiki ne ke yi, wani yana zuwa daga ganye da 'ya'yan itace. In sun yi daidai, lafiya. Amma cikin ƙoda akwai ƙananan hanyoyi, sirara sosai, bangonsu sumul. In babu ruwa, fitsari ya yi kauri. Ga gishiri da yawa, ga nama kullum, ga shayi mai kauri. Sai ƙananan ƙwayoyi kamar gishiri su fara haɗuwa a ciki, suna gogar bangon. Bango ya ji ciwo, tartsatsi ya ƙaru, ya fi ƙarfin abin kashewa, ya ƙara ƙona bangon. Ka san tukunya da ta karce a ciki?"

Na ce, "Nan ƙanzo yake kamawa."

"C'est ça, Baffa. A tukunya mai sulɓi abu yana wucewa. A mai karce yana maƙalewa, wani ya hau kan wani, har ya zama tsakuwa. Tsakuwa kuma ta ƙara karce wurin. Masu bincike ba su gama gane komai ba, kuma akwai gado a ciki, shi ya sa kai da Papa. Amma ko an cire tsakuwa yau, bangon ya riga ya ji jiki, tana iya dawowa. In an ba Papa wannan, an ba shi ciwon da ya kashe nasa. Kai kuma a bar ka da ɗaya mai tsakuwa. Ba likita da zai yarda."

Na ce to ba wata ƙwaya da za ta goge karcen? Ta ce in wani ya ce yana da ita, kada in saya. Abin da aka tabbatar shi ne ruwa da yawa, rage gishiri da nama, ƙara ganye da lemon tsami, da barin ƙwayoyin kemis da nake haɗiya, don su ma suna cin ƙoda. Sannan ta ce a hankali, "Me ya sa ba ka faɗa ba tun a waya?" Na miƙe na ce mu tafi gida, don amsar ba ta faɗuwa ga 'yar ƙanenka.

Da la'asar na shiga wurin Sabi'u, ya dawo daga wanki yana kwance a galabaice. Na zauna a bakin gado na gaya masa komai, har da ciwon shekara biyu. Na jira ya yi faɗa. Sai ya ce, "Inna lillahi. Yaya, kai ma? Allah ya jiƙan Baba, bai sani ba ne." Ya kira A'isha ya ce gobe-gobe a fara yi mini magani, kada a bari ta hagun ta mutu. Ni da na zo ceto, ga ni ana ceto na, kuma a gidansa.

Na ce, "To kai fa? Yanzu ya za a yi?"

Ya dubi Mariam, Mariam ta dubi ƙasa. Bakari da ke tsaye a bakin ƙofa ya juya ya fita. Sabi'u ya ce, "Akwai ta Bakari. Tun kafin azumi ya je aka gwada shi ban sani ba. Ba ta kai taka dacewa ba, amma likitoci sun ce za ta yi."

Na ce, "Tun kafin azumi? To me kuka tsaya jira?"

Mariam ce ta amsa. "Kai muke jira, Yaya. Mun roƙe shi, Bakari har kuka ya yi masa. Ya ce shi yana da wa, ba zai tsallake wansa ya karɓi ta wani ba. Ya ce in ka ji an yi ba a tambaye ka ba, har abada ba za ka yafe masa ba."

Sabi'u ya ce, "Ai na san halinka, Yaya." Ya faɗa yana murmushi, ba da gori ba.

Na tuna wata biyun da na sa shi jira ina gasa naman Sallah. Duk ranar da na ƙara, shi yana kwance da allura a hannu, ana auna masa ruwa a kofi, ga ƙoda a shirye a jikin mutumin da ke cin abinci a teburinsa. Kalma ɗaya ta gaskiya a waya ta ishe shi. Na tashi na shiga ɗakin da aka sauke ni na rufe ƙofa, na daɗe ban fito ba.

Sauran labarin gajere ne. An sa mini wani siririn bututu aka buɗe hanyar, daga baya aka farfasa tsakuwar da na'ura, na yi kwanaki ina fitar da yashi ina salati. Bakari ne ke kai ni yana dawo da ni, yana riƙe mini gora yana cewa, "Sha, Koro, sha." Na so in tsaya har a yi aikin Sabi'u, amma a ƙasar waje za a yi dashen, shirin fitar da shi da Bakari ya ɗauki lokaci, iyali kuma suna jira a Kano. Ranar da zan taho Bakari ya kai ni tashar Adjamé. Na yi niyyar in ce masa wani abu mai nauyi, na shirya shi tun a mota. Da muka tsaya sai kawai na ce, "Ka riƙe mini shi." Ya ce, "Ɗan'uwanmu ne, Koro." Wannan karon ban ji zafin "mu" ɗin ba sosai. Na dai ji kaɗan.

A hanyar dawowa ni ne mai tsayar da direba, har wani saurayi ya ce Baba ko dai a saya maka jarka.

To masu tambaya, kun ji Abidjan. Malam Tanko ya ce wai da na ga shagunan Sabi'u ban ji wani abu ba? Na ji mana, ƙarya zan yi? Shekara talatin ina jin sa, ba zai fita rana ɗaya ba. Amma yanzu ba shi ne ke damuna ba.

An yi aikin, kuma Alhamdu lillahi an dace. Makon jiya A'isha ta turo mini hoto a waya. Su biyu ne a tsaye a falon nan na Arras, Sabi'u ya fara murmurewa, sun ɗaga riguna suna dariya kamar yara, kowa yana nuna ɗinkinsa. Na yi wa Bakari addu'a, kuma har zuciyata na yi ta, ina yi masa ita bayan kowace salla. Sai dai ban taɓa yi wa wani mahaluki hassadar gida ko mota kamar yadda nake yi masa hassadar tabon nan ba. In na kalli hoton sai in sa hannu cikin riga in shafa kwiɓina, in ji shi sumul, babu ko ƙwarzane.